Mayaƙi na sara ɗaya bayan ɗaya, boka na share fili: ina adalcin yake?

Jagoran Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga waɗanda suka daɗe suna jan wasan tebur na Dungeons & Dragons ne, amma masu buga irinsa a PS ko kwamfuta ma ku sa baki, don na ga ciwon iri ɗaya ne.

Da bugu na biyar na dokokinsa muke wasa, na 2014. Daga mataki na 1 zuwa na 4 ba wanda ya yi ƙorafi. Mayaƙi ne a gaba da sulkensa da garkuwa, boka na bayansa yana laɓe, don dayis ɗin da ke ba shi jini, wato yawan dukan da zai iya shanyewa, mai fuska 6 ne, na mayaƙi mai fuska 10. Da aka kai mataki na 5 sai labari ya sha bamban. Mayaƙi ya samu sara biyu a kowane zagaye, madalla. Boka kuwa ya samu Fireball, tsafin ƙwallon wuta, dayis 8 masu fuska 6, ƙiyasin ɓarna 28 ga duk wanda ke cikin da'irar ƙafa 20. Goblin, wato ƙaramin dodo, jininsa 7 ne. Ko ya kauce ya sha rabi, 14 ta kashe shi. Wato mayaƙi ya kar biyu, boka ya share goma a jifa ɗaya.

Yanzu suna mataki na 9. In na sa ganuwa, boka ya tashi sama. In na kulle ƙofa, yana da tsafin buɗe ta. In na sa mai gadi mai taurin kai, ya juya masa tunani. Yaron da ke riƙe da mayaƙi ya fara danna waya a tsakiyar wasa, kuma a da shi ne ya fi kowa zumuɗi. Wannan ne ya dame ni. Laifin dokokin wasan ne, ko akwai abin da ake yi?

Abba PS:
Wa alaikumus salam Oga Jagora. Ni ban ga matsala ba. Wanda ya zaɓi boka ya sha wuya a farko, dole ya ci riba a ƙarshe. Ka ƙara wa dodannin jini kawai, ka ninka yawansu, kowa zai samu abin duka.

Injiniya Sadiq:
Abba, in ya ninka yawansu boka ya ƙara wa kasuwa, tunda shi ne mai dukan taro. Malam Jagora, kafin mu yi nisa: faɗa nawa suke yi kafin su kwanta barci a cikin wasan?

Jagoran Tudun Wada:
Ɗaya, wani lokacin biyu. Lokacinmu bai da yawa, daga la'asar ne zuwa magariba.

Injiniya Sadiq:
To rabin matsalar a nan take. Littafin jagoran wasa na 2014 ya gina lissafinsa ne a kan faɗa 6 zuwa 8 masu matsakaicin wuya ko masu wuya a yini ɗaya, da gajeren hutu kamar biyu a tsakani. Boka a mataki na 5 gurbi biyu kacal yake da shi na tsafi mai daraja ta 3, irin su Fireball. In ya san faɗa ɗaya ne yau, zai zazzage su duka a zagayen farko, ya yi barcin awa 8, su dawo. In ya san akwai bakwai a gabansa, sai ya yi tsimi. Shi kuwa mayaƙi takobinsa ba ya ƙarewa, kuma ƙarin yunƙurinsa da warkar da kansa suna dawowa da hutun awa ɗaya. An ƙera shi ne don dogon yini. Kai kuma gajeren yini kake ba su.

Ba sai ka cusa faɗa takwas a zama ɗaya ba. Yinin cikin wasa zai iya ɗaukar zama uku. Akwai ma wata doka ta zaɓi a cikin littafin da ta mai da gajeren hutu daren guda, dogon hutu kuma kwana 7. Gwada ta, za ka ga boka ya fara ƙirga tsafinsa.

Ummi Maharbiya:
Yaya Sadiq, lissafinka daidai ne amma bai taɓa abin da Malam Jagora ya faɗa ba. Ka sake karanta misalansa: ganuwa, ƙofa, mai gadi. Babu faɗa ko ɗaya a ciki. Ko ka ba mayaƙi sara huɗu, wanda sai a mataki na 20 zai samu, abin da zai iya yi bai wuce sara ba. A mataki na 1 yana sara, a na 11 yana sara sau uku, a na 20 sau huɗu. Boka kuwa duk mataki biyu sabuwar ƙofa ake buɗe masa. A na 5 yana tashi sama. A na 7 yana mai da mutum dabba. A na 9 yana kafa bangon da ba a gani, wanda takobi ba ya fasawa. A na 13 yana ɗauke ƙungiya duka daga wannan gari zuwa wancan cikin ƙiftawar ido. A na 17 ya samu Wish, tsafin da ke cika masa buri. Ɗaya lambarsa ce ke girma, ɗayan kuma yawan matsalolin da zai iya warwarewa ne ke girma.

Ni na riƙe ɓarauniya a wani wasa. Na zuba komai a iya buɗe makulli da sanɗa. Muka zo gidan wani attajiri, na zana yadda zan bi ta kan rufi, na ƙirga masu gadi, na tambayi jagora inda karnuka suke kwana. Ina cikin bayani bokanmu ya ce zai mai da kansa marar ganuwa ya buɗe ƙofar da tsafi. Minti biyu aka gama. Ba wanda ya zalunce ni, doka ta ba shi dama. Amma wannan daren nawa ne, aka karɓe. Abin da ke sa mutum ya ɗauki waya ke nan.

Kawu Bala:
Ummi ta taɓo inda yake ciwo. Bari in ba ku na da, don wannan rigima ta girmi yawancinku.

Gary Gygax da Dave Arneson sun fitar da wasan a 1974, kuma tun farko sun san boka zai fi ƙarfi a ƙarshe. Ba su ɓoye ba. Sai suka sa masa tsada. A littafin 'yan wasa na 1978, ɓarawo na buƙatar maki 1,250 ya hau mataki na 2, mayaƙi 2,000, boka 2,500. Jinin boka dayis mai fuska 4 ne, tsafi ɗaya tak yake da shi a yini, kuma in aka buge shi yana tsakiyar karantawa tsafin ya lalace. Da yawa ba sa kai mataki na 3 da rai. Wanda ya kai na 12 ya cancanta.

Amma abin da aka manta shi ne wannan: a mataki na 9 mayaƙi yana zama sarkin yaƙi. Zai gina ganuwarsa, sojoji su zo su yi masa mubaya'a, ya karɓi haraji. Wato shi ma ana buɗe masa sabuwar ƙofa, ba ta tsafi ba, ta mulki. In boka zai tashi sama ya ƙetare ganuwa, mayaƙi zai aika dakaru su kewaye garin. Bugu na uku da ya fito a 2000 ya haɗe teburin maki ya zama ɗaya ga kowa, ya sauƙaƙa wa boka rayuwa, sarautar mayaƙi kuma ta daina zama haƙƙinsa na kai tsaye. Aka cire tsadar, aka bar ribar. Daga nan giɓin ya buɗe sosai.

Jagora, ɗana, yaronka yana mataki na 9 daidai. Ka ba shi mutane. Ka sa wani hakimi a cikin labarin ya naɗa shi, ya ba shi mahaya ashirin da wani tsohon sansani da ke buƙatar gyara. Ka sa akwai ƙofofin da sunansa ne kawai ke buɗe su, don sojoji ba sa yarda da mai tsafi. Za ka ga ya ajiye wayar.

Jagoran Tudun Wada:
Allah Ya ƙara girma Kawu. Wannan ta shige ni. Dama a labarin akwai wani gari a bakin iyaka da shugaban dakarunsa ya mutu.

Abba PS:
To me ya sa kamfanin ba zai daidaita su kawai ba? Kowa ya samu ƙarfi iri ɗaya, a huta.

Injiniya Sadiq:
Sun yi, Abba. Bugu na huɗu ke nan, 2008. Kowane aji aka ba shi tsari ɗaya: akwai abin da kake yi kullum, akwai na sau ɗaya a faɗa, akwai na sau ɗaya a yini. Mayaƙi da boka duk haka. Matakai 30, kuma rabin matakinka ana ƙara shi a kusan kowace jifa. A wajen daidaito babu bugun da ya kai shi. Amma mutane da yawa suka ce takardar kowa ta zama iri ɗaya, ba ka jin bambancin riƙe takobi da riƙe sanda. A 2009 kamfanin Paizo ya fitar da Pathfinder a kan ƙashin bayan bugu na 3.5, jama'a masu yawa suka koma can. Ni ina ganin an zalunci bugu na huɗu, don mayaƙinsa shi ne mafi daɗin bugawa da aka taɓa yi: yana tare hanya, yana hukunta duk dodon da ya juya masa baya ya nufi abokinsa. Amma kasuwa ta yanke hukuncinta.

Abin da bugu na biyar ya gyara da gaske wani ne daban, kuma ina so a yaba masa. A 3.5 mayaƙi na mataki na 20 yana da +20 a sara tun kafin a ƙirga ƙarfin jikinsa da takobin tsafi. Goblin ya zama ba komai, ba ya iya taɓa ka sai ya jefa 20. A na biyar ƙarin ƙwarewa daga +2 yake farawa ya tsaya a +6. Ku duba abin da hakan ke haifarwa. Mayaƙi na mataki na 10, sulken ƙarfe, kariya 18, jini wajen 94. Goblin 20 da bakuna, kowanne +4. Sai sun jefa 14 ko sama, wato kashi 35 cikin 100. Bakwai za su same shi a zagaye, kowace kibiya wajen 5 da rabi, kusan 38 ke nan. Zagaye uku ya faɗi. Goblin ɗaya abin wasa ne a gare shi, amma ashirin har yanzu abin tsoro ne. Ya yi girma, kuma duniyar ba ta zama wasan yara ba.

Ɗan Damagaram:
Sannunku da muhawara. Ni tebur ban taɓa bugawa ba, a nan wajenmu samun mutum biyar masu ra'ayin abin da wuya. Amma maganar Injiniya ta ƙarshe ta tuna mini da Oblivion na 2006, inda aka bi ta ɗaya hanyar, aka ce duk girman da ka yi duniya ta bi ka. Ka hau mataki, 'yan fashin hanya su hau. Ka kai ashirin da wani abu, sai ka ga ɗan fashin da ke tare mutane a bakin gada yana neman 'yan kuɗi kaɗan sanye da sulken gilashi, wanda kuɗinsa zai ciyar da shi shekara. Kamar a ƙara maka albashi ne, ranar kuma farashin komai a kasuwa ya tashi daidai da ƙarin. Takarda ta ce ka ci gaba, aljihu ya ce kana nan inda kake.

Har ma ya fi haka muni. A wasan kana zaɓar manyan fasahohi 7, in sun ƙaru sau 10 sai ka hau mataki in ka yi barci. Wanda ya zaɓi iya magana da ciniki da tsalle-tsalle zai hau da sauri, dodanni su ƙara ƙarfi, shi kuwa hannunsa a faɗa yana nan yadda yake. Sai wasan ya fi ƙarfinsa saboda ya ci gaba. Shi ya sa masana wasan suke zaɓar fasahohin da ba sa amfani da su a matsayin manya, wasu ma su ƙi barci gaba ɗaya. Wasan da ɗan wasa ke gudun hawa mataki, ai an samu matsala a gindinsa.

Ummi Maharbiya:
Final Fantasy VIII na 1999 ma haka. Dodanni suna bin matakin ƙungiyarka, ƙarfin gaske kuma yana cikin tsafin da ka tara ka ɗaura a jikinka, har 100 na kowane iri. Wanda ya gane sai ya riƙa mai da dodanni kati don kada ya samu maki, ya zauna a ƙaramin mataki da ƙarfin babba. Kuma in ka yi amfani da tsafin da ka ɗaura, ƙarfinka raguwa yake. An ba ka abu, an hana ka taɓa shi.

Baban Ilham:
Ku yi wa Bethesda, kamfanin da ya yi Oblivion, adalci, 'yan uwa. Me kuke so su yi? Sun ce ga duniya, je ka duk inda kake so. In ba su sa dodanni sun bi matakinka ba, rabin taswirar zai kashe ka da bugu ɗaya, ɗayan rabin kuma ba zai ba ka sha'awa ba. Ni mai iyali ne, awa ɗaya nake samu da dare in akwai wuta. Ba na son in shiga kogo in tarar sai na yi sati ina tara maki kafin in dawo. Kuma a Skyrim na 2011 sun gyara: wurare suna da ƙaramin mataki da babba, wasu halittun kuma ba sa canzawa. Duk wanda ya je ya tsokani ƙaton nan mai kiwon giwaye a filin Whiterun yana sabon shiga ya san inda kulkinsa ke aika mutum, har cikin gajimare.

Ɗan Damagaram:
To ai ka kawo hujjata da bakinka, Baban Ilham. Me ya sa kowa ke tuna ƙaton? Saboda bai bi ka ba. Yana nan yadda yake, kai ne ka canza. Ranar da ka dawo ka kayar da shi ka san ka girma. Kogunan da suka bi matakinka, wa ke tuna su?

Elden Ring na 2022 a kan wannan aka gina shi. Kana fitowa fili a Limgrave, ga wani mahayi cikin sulken zinariya a kan ƙaton doki yana kai-kawo a kan hanyar da za ta kai ka cocin farko. Ka nufe shi, ya shimfiɗe ka da bugu biyu. Wasan bai ce maka komai ba, amma ka fahimta: kewaye shi, tafi kudu, ƙara jini, kai makaminka wajen maƙeri. In ka dawo, shi ɗin ne dai, bugunsa bai ragu ba, amma yanzu kana iya shanye uku ka rama. Babu lambar da za ta ba ka wannan daɗin.

Baban Ilham:
Da kuma mutum nawa suka ajiye wasan a wajen Margit, babban dodon nan na farkon wasan, ba su sake komawa ba? Su ma da kuɗinsu suka saya. Ba kowa ke neman jarrabawa ba bayan ya dawo daga aiki.

Abba PS:
Ni dai a Skyrim duk yadda na fara, da takobi ko da tsafi, ƙarshe sai na koma maharbi mai sanɗa. Ban san dalili ba.

Ummi Maharbiya:
Dalilin a fili yake, ƙanena. Kibiya daga ɓoye tana ninka ɓarna sau biyu, da wata baiwa ta koma sau uku, wuƙa kuma har sau 15. Baka kana gyara shi a maƙera, ka ɗaura masa tsafi, ka shafa wa kibiya dafi, duk suna hawa kan juna. Tsafin wuta da ƙanƙara kuwa ɓarnarsa kusan a tsaye take, abin da kayan tsafi ke rage maka kuɗin jifa ne kawai. Dodanni na ƙara jini, wutarka na nan yadda take. Ka ga a Skyrim an juya matsalar Malam Jagora: boka ne ke kuka. Amma tunda kai kaɗai kake wasa, ba ka danne kowa ba, asararka dai ita ce hanyoyi goma da aka ba ka sun zama ɗaya. A tebur kuwa wanda aka danne yana zaune kusa da kai, yana kallon ka.

Injiniya Sadiq:
Wannan bambancin yana da muhimmanci, kuma FromSoftware, masu Elden Ring, sun gane shi. A gyaran 1.07 na Elden Ring sun raba lissafin: makami zai iya yin wata ɓarna a kan dodo, ya yi wata daban a kan ɗan wasa ɗan'uwanka. Don abin da ke da daɗi kai kaɗai zalunci ne a karawa.

Sannan ku lura da Baldur's Gate 3 na 2023. Dokokin bugu na biyar ne, amma Larian, masu wasan, suka tsayar da shi a mataki na 12. A 13 ne tsafi mai daraja ta 7 ke shigowa, irin wanda ke kai mutum wata duniyar ko ya tsallake rabin labari. Kamfanin da ya yi shekaru yana tsara kowace ƙofa da kowace hira ya ga gara ya tsaya a nan. Littattafan labarin da masu D&D ke sayarwa ma yawancinsu ba sa kai 20. Curse of Strahd a 10 yake ƙarewa. Jagora, in ka ga abin ya fara kuɓuce maka, ba dole ba ne ka kai su ƙarshen tebur. A zamanin 3.5 akwai masu tsayar da hawa a mataki na 6, daga nan sai dai ƙananan baiwa.

Kawu Bala:
Tsayarwa magani ne, amma ka faɗa musu tun yanzu. Kada yaro ya yi wata shida yana mafarkin Wish ka zo ka ce babu. Kuma kada ka rage wa boka ƙarfi a ɓoye, ka riƙa cika duniya da wuraren da tsafi ba ya aiki. Zai gane, kuma zai ji an ci amanarsa. Ka zaunar da su duka ka ce ga abin da na lura.

Zee Genshin:
Salam. Na karanta daga sama. Duk wasannin da kuka ambata, masu yin su suna ƙoƙarin daidaitawa ne su kasa. Mu a waya namu daban ne, rashin daidaiton shi ne hajar. A Genshin Impact damar samun jarumi mai tauraro 5 kashi 0.6 ne cikin 100 a kowace jawowa, wato ƙuri'ar da kake biya a fito maka da jarumi ko makami. An lamunce maka ɗaya a jawowa 90, amma kusan rabi da rabi ne ko shi ne wanda kake nema, sai a 180 ne tabbas. In sabon jarumi bai fi na da ba ko kaɗan, wa zai kashe kuɗi? Kuma ba sa iya rage wa wanda aka riga aka saya ƙarfi. Da Zhongli ya fito a ƙarshen 2020 mutane suka ce ba shi da ƙarfi, aka yi ta surutu har aka ƙara masa a 1.3. Ƙari ana yi, ragi kuwa tashin hankali ne. To in kullum sama ake turawa, dole dodanni su ƙara jini, jarumin da ka yi wata uku kana tara wa duwatsun jawowa ya koma benci.

Abin da ya riƙe ni a wasan shi ne Bennett da Xiangling da Xingqiu, masu tauraro 4 tun fitowar farko, sun yi shekaru ana damawa da su. Saboda amfaninsu ba a girman lamba yake ba, a yadda suke haɗa wuta da ruwa su ɗaga na kusa da su ne. Lamba ana wuce ta da sabuwar lamba, amma aikin da kai kaɗai ke yi wa ƙungiya yana daɗewa.

Ɗan Damagaram:
World of Warcraft ma sun sha wannan. Mataki 60 a 2004, 70 a 2007, har 120 a 2018. Mutum ya yi watanni yana neman takobi a babban kurkuku, sabon faɗaɗawa ya fito, ƙaramin aiki na farko ya ba shi wanda ya fi shi. Lambobi suka kumbura har sai da aka matse su a 2014, a 2020 kuma aka mai da matakin ƙarshe 60.

Abba PS:
To Shadow of the Erdtree, faɗaɗawar Elden Ring, fa? Na shiga da mataki sama da 150, makami +25, sojan farko ya kusa kashe ni. Ba irin ta Oblivion ba ce wannan?

Ɗan Damagaram:
A'a. Sojan bai duba matakinka ba, haka yake ga kowa. Sun kafa sabon tsani ne a cikin ƙasar inuwa, gutsattsarin Scadutree da kake tsintowa su ƙara maka ƙarfi, albarka har mataki 20, kuma ba ta aiki a wajen ƙasar. Ka tara su ka dawo, sojan nan zai zama ba komai.

Ummi Maharbiya:
A nan ban bi ka ba, Malam. Gaskiya ne sojan bai bi shi ba, amma an ɗauki awa ɗari da Abba ya yi yana gina jaruminsa an ce ba su isa ba sai ya tsinto wasu abubuwa a lungu-lungu. Na fahimci dalilinsu. Sharaɗin shiga shi ne ka kayar da manyan dodanni biyu, Radahn da Mohg, kuma masu cika shi wani yana mataki 100, wani 300, dole a nemo abin da zai haɗa su a layi ɗaya. Amma hawan mataki a asalin wasan zaɓi ne: jini zan ƙara ko ƙarfi, imani ko basira, kuma bayan 40 ribar jini ta fara raguwa, bayan 60 ta kusa tsayawa, sai ka yi tunani. Gutsattsarin Scadutree babu zaɓi a cikinsu. Kowa abu ɗaya yake samu, ɓarna ta ƙaru, kariya ta ƙaru. Wanda bos ya gagare shi ba ya tambayar kansa me zan canza a jarumina, taswira yake buɗewa a intanet ya ga guda nawa suka rage masa.

Baban Ilham:
Ni kuwa wannan ne ya sa na iya gama shi. In bos ya tsare ni, na san akwai abin da zan je in nemo a daren nan, ba sai na koyi kowane motsinsa ba.

Injiniya Sadiq:
Jagora, wani abu kafin in fita. In za ka ba mayaƙin dakaru kamar yadda Kawu ya ce, kada ka sa su cikin faɗa ɗaya bayan ɗaya, zagaye zai ɗauki rabin awa, sauran su gaji. Ka bar su a wajen fage: su tsare hanya, su kawo labari, su riƙe gada yayin da ƙungiya ke ciki. Sannan ka duba littafin 'yan wasa na 2024, an ƙara wa masu makami wata ƙwarewa, kowane makami da abin da yake yi bayan ɓarna, wani ya ture, wani ya kayar, wani ya rage gudun abokin gaba. Za ka iya ɗauko wannan kaɗai ka sa a wasanku ba tare da kun canza bugu ba.

Ummi Maharbiya:
Kuma ka tambayi mai ɓarawon ku da mai warkarwa su ma. Mai mayaƙi ne ya nuna a fuska, ba lallai shi kaɗai ba ne. Malam Ɗan Damagaram, ina jiran amsarka a kan Scadutree, ban yarda an gama wannan ba.